BARANDAR DA TA FAƊI A SHINKAFI

Shafi na 27

Masu ƙorafin na bar Muhsina cikin mota ban sauke ta ba, ku yi haƙuri. Ga ta nan ta iso.

*

Motar mata ta sauke ta a bakin titi, daidai inda hanyar Katuru ta rabu. Tun da aka soma Shari'a a jihar mace ta daina hawa acaɓa, don haka sauran tafiyar da ƙafa Muhsina ta yi ta, tana tattare gefen hijabinta daga ƙayar hanya.

Tun daga nesa ta hango ginin.

Makarantar 'yan mata ce mai bene. Ita ta zana ta, layi bayan layi, a kan teburin ofishin Akitek Maitama da ke Ƙaura, inda take koyon aiki tun da ta gama difloma a fannin zanen gine-gine. Ita ta juya tagogin arewa da kudu don kada rana ta dafa yara. Ita ta yi wa benen doguwar baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, don a samu inuwa sama da ƙasa.

Barandar ce yanzu kwance a ƙasa, ta dare gida-gida.

Jiya da hantsi kafintoci suka zare katakan da suka tokare ta. Ba ta tsaya ba ko na ɗan lokaci. Ta sauko a kan wani lebura mai suna Bawa, mutumin Katuru, wanda ya duƙa yana tsince ƙusoshi. Da la'asar aka yi masa sallah.

Rabon Muhsina da wurin nan tun ranar da aka haƙa fandisho. Oganta ya ce leburori ba za su karɓi umarnin mace ba, kuma lokacin ba na mace ta riƙa shiga cikin maza ba ne. Ta zauna a ofis. Yayanta Jabiru, wanda ita da kanta ta roƙa masa aikin kula da siton kayan gini a wurin, shi ke kawo mata labari. Kullum labarin ɗaya ne: komai lafiya lau.

Babu kowa a filin, an kori ma'aikata. Ta tsallake tarin bulo, ta durƙusa a bakin inda kankaren ya karye.

Rodi ya leƙo kamar jijiya.

Ta kama ɗaya da yatsu biyu.

A zanenta rodi mai milimita sha shida ta sa, kauri, a jere kusa da kusa, tazarar tafin hannu tsakaninsu. Wanda ke hannunta mai goma ne, siriri. Ta ɗora tafinta don ta gwada tazarar, tafin ya ɓace a tsakani. Ta shimfiɗa hannunta tun daga gwiwar hannu, sai a lokacin yatsunta suka taɓa na gaba.

Ba ginin da ta zana ba ne wannan. Fuskarsa kawai aka ara.

"Baiwar Allah, ke ma naki ya taɓa?"

Ta ɗago. Wata tsohuwa ce zaune a gindin wata aduwa, ta lulluɓa da zane, idanunta sun yi ja sun bushe.

"A'a, Inna."

"Ni nawa ya taɓa. Asibi sunana, ni na haihi Bawa. Sulalewa na yi daga gidan gaisuwa, in zo in ga abin da ya ci min ɗa." Ta dubi hannun Muhsina da ke riƙe da rodi. "Ke mi kike nema cikin siminti?"

Muhsina ta so ta ce wucewa take yi. Bakinta ya ƙi.

"Ni na zana ginin."

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallonta, daga takalmi har goshi.

"An hwaɗa min wata ɗiya mace ce ta zana shi. Na ce ƙarya ne, mace ba ta yin haka ga ɗan wata."

"Inna, ba haka na zana shi ba. Wallahi ba haka ba ne."

"To da anka yi shi ba haka ba, kina ina?"

Muhsina ta sunkuya ta dubi rodin da ke hannunta.

"Kin zo kin gani?"

"Ban zo ba."

Asibi ta gyaɗa kai a hankali. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara lulluɓinta.

"Shi kullum shina nan," ta ce. "Tun asuba."

Ta juya ta kama hanyar Katuru. Ba ta zage ta ba, ba ta yi mata Allah ya isa ba. Muhsina ta ji da ma zagin ta yi.

*

Bayan azahar ta iso Ƙaura. Ofishin Maitama yana bayan tashar jirgin ƙasa, ɗaki biyu da fanka mai ƙara. A bangon akwai hotunan gine-ginen da aka yi tun da aka ƙirƙiro sabuwar jiha: ofisoshi, ɗakunan shan magani, masallaci. Da yawansu daga hannunta suka fito. A ƙarƙashin kowanne sunansa ne.

Yana zaune yana jan carbi. Dattijo ne mai furfura a gemu, abokin mahaifinta marigayi Malam Sanda tun suna yara. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da kowa ke cewa ina mace ina gini.

"Ɗiyata, ina kika shiga tun sahe?"

Ba ta gaishe shi ba. Ta ajiye guntun rodin da ta tsinto a filin a kan teburinsa, a kan farar takardar zane.

Ya dube shi, ya ci gaba da jan carbinsa.

"Kin tahi Shinkahi ke nan."

"Na tahi, Baba."

"Sai yanzu."

Kalmar ta soke ta, amma ta daure.

"Mai sha shida na zana. Wanga mai goma ne. Kuma inda ya kamata a sa uku, ɗaya anka sa."

"Zauna."

"Ba ni zama."

"To tsaya." Ya ajiye carbin. "An kafa kwamitin bincike. Dangin yaron kuma sun kai magana kotu. Da sahe anka kira ni, anka tambaye ni wa ya yi zanen da lissahin. Na hwaɗa musu gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Ke kika yi."

Muhsina ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ta nuna bango.

"Wancan masallacin wa ya zana shi, Baba?"

Ya ɗaga kai ya dubi hoton.

"Ranar da anka buɗe shi, kai anka kira gaban jama'a, kai anka tafa wa. Ni ina nan ina wanke alƙaluman zane. Ban ce komai ba, na ce ai koyo nike. Wanda ya tsaya naka ne. Wanda ya hwaɗi shi ne nawa?"

"Haka sana'ar take."

"Ba haka ka koya min ba. Kai ka ce min mai zane ba ya ƙarya da layi, don duk layin da ya ja, wani zai kwana ƙarƙashinsa. Kai ka sa na yage zanen wata guda don taga ɗaya ta kalli yamma. Kai ka ce in rufe ido in shiga ɗakin da nike zanawa, in ji zahinsa da iskarsa kahin in miƙa wa mai shi."

"Kuma kin koya. Ban taɓa musun haka ba." Ya jingina da kujera. "Hannunki ya hi nawa, Muhsina. Lissahi ba ya ba ki wahala. Mai gini zai zo yana kame-kame, ki saurare shi, ki hito mishi da abin da ke ransa wanda shi kansa bai iya hwaɗi ba. Yaran da sunka ratsa ofis ɗin ga, babu mai rabin abin da Allah ya ba ki. Amma duk wannan zane ne. Zane daban, sana'a daban."

"Mi ya rage?"

"Ƙahwa. Da taurin kai." Ya nuna ta da yatsa. "Na ce ki zauna ofis, kin zauna. Wanda zai zama akitek na gaske, ranar da za a zuba kankaren dekin bene ko ɗaure shi anka yi sai ya kwance ya tahi. Ya hau sama ya ƙirga rodinsa da idonsa, ya ce ba a zuba siminti sai an gyara, ko da ɗan kwangila zai mare shi. Ke kin yi?"

"Kai ka hana ni."

"Na hana ki, kin hanu."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Abin da ya fi ƙona ta shi ne, a cikin muguntar maganar akwai gaskiya. Sau nawa ta tashi za ta je, ta tuna za a ce ba ta da kunya, ta koma ta zauna? Sau nawa ta ji daɗin a ce mata yarinya mai biyayya?

"Yanzu saurara," ya ce, ya sassauta murya. "In sunka kira ki, ki ce kuskuren lissahi ne. Ke mai koyo ce, kuma mace. Za su tausaya miki. Babu mai ɗaure ki. Ni zan tsaya a sasanta da dangin mamacin."

"Ni kuma hwa?"

"Ki bar aikin. Babu mai ba ki rajistar akitek bayan wannan, babu mai ba ki ko kewaye ki zana. Amma kina da ƙuruciya. Ki yi aure, ki huta."

"In huta."

"Awo, ki huta."

Ta ɗauki guntun rodin ta riƙe gam.

"Zan kai musu zanena. Zan kai su hilin su gwada da abin da ke ƙasa. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ba lissahina ya kashe Bawa ba, wanda ya rage rodi ne."

"Kai musu."

Yadda ya faɗe ta ba fargaba ya sa ta tsaya.

"Kai musu, ɗiyata. Sai su ce to, rodin an saya? In ce an saya, mai sha shida, mota guda, ga mai shagon nan da ransa. Sai su ce ya iso hilin? Leburori su ce ya iso, mu munka sauke. Sai su ce to ina ya tahi?" Ya dube ta. "Daga nan wa za su tambaya?"

Fanka ta ci gaba da ƙara.

"Mai sito," ya ba kansa amsa. "Wa ke riƙe da makullin sito, Muhsina?"

"Ƙarya ne."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Yaya Jabiru ba ɓarawo ba ne."

"Da rana tsaka ya loda shi a mota, gaban mutane. Masu shaida sun hi ƙarhin yatsun hannu." Ya ɗauki carbinsa. "Kin san lokacin da muke ciki. Kin ji abin da anka yi wa mutumin da anka kama da sata kwanan baya, duk jihar ga babu wanda bai ji ba. Ni ba malami ba ne, ban san mi alƙali zai yanke ba. Wataƙila ya ce cin amana ne, ya ɗaure shi. Wataƙila ya ce sata ce daga ma'aji mai makulli. Ke kina iya caca da hannun ɗan'uwanki?"

Ta dafa teburin zane, teburin da ta yi shekaru a kansa har ya yi mata kanta a gefen yatsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tahi gida ki tambaye shi."

"Baba, kai ka ɗauki gawar mahaihina."

"Shi ya sa nike neman hanyar da gidansa ba zai tozarta ba," ya ce, bai dube ta ba. "Ki ja min ƙohwa in kin hita."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da motar Zurmi, garinsu, ta ajiye ta. A zauren gidansu sabon babur ɗin Jabiru ne jingine, har yanzu da ledarsa a kan kujera. Ya ce musu wani abokinsa ne ya ba shi ya riƙa acaɓa da shi ranar da babu aiki. Ita ce ma ta fara sa masa albarka.

Ta tsaya ta kalle shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Mahaifiyarsu, Inna Kubura, tana tsakar gida tana tankaɗe. Jabiru yana zaune a kan turmi, kansa a ƙasa, ko hula babu. Ganin yanayinsu kawai ya gaya wa Muhsina cewa ba labari ta kawo musu ba.

"Sannu da hanya," in ji Inna. "Ki sha ruwa."

"Yaya Jabiru, ina rodina?"

Bai ɗago ba.

"Da kai nike."

"Muhsina, yayanki ne," Inna ta ce. "Ki sassauta harshe."

"Inna, na hito daga inda mutum ya mutu. Na ga uwarsa da idona. Ku bar ni in tambaya." Ta matsa gabansa. "Kullum in ka zo sai in ce, Yaya, an sa rodin yadda na zana? Ka ce an sa. In ce ka ƙirga? Ka ce ka ƙirga. Kai ne idona a wurin. Ina rodina?"

"Gusau," ya ce, murya can ƙasa.

"Wa ka sayar wa?"

"Ban sayar ba."

"To ƙahwa ya yi?"

Ya ɗago. Idanunsa sun kumbura.

"Oga Maitama ne ya ce in loda in kai gidan da shike ginawa Gusau. Ya ce aro ne, za a maido kahin a zuba dekin. Da ranar ta zo, sai ya aiko da ƙanana. Na ce mishi ba irinsu ba ne. Ya ce ke kullum kina cika rodi saboda tsoro irin na mata, wanga ma ya isa. Shi ne babba, Muhsina. Shi ya koya miki. In ce mishi mi?"



Ashe rodin makarantar 'yan mata yana can cikin ginshiƙan gidan Maitama. Mutumin da ya zauna ɗazu yana mata wa'azin ƙafa da taurin kai.

"Akwai wanda ya ji lokacin da ya ba ka umarnin?"

"Mu biyu ne cikin motarsa."

"Direban da ya kai?"

"Yaronsa ne. Ba shi buɗa baki."

"Babur ɗin hwa?"

Jabiru ya sunkuyar da kai.

"Shi ya ba ni."

"Ya saye ka da babur. Ni kuma ya saye ni da ɗiyata, ɗiyata." Ta juya ga mahaifiyarta. "Inna, kin sani?"

Inna Kubura ta ajiye rariya. Ta kakkaɓe hannunta a zane.

"Jiya ya hwaɗa min. Maitama ma ya zo nan da hantsi."

"Ya zo nan?"

"Ya zo, ya zauna inda mahaihinku ke zama. Ya yi min bayanin komai. Ya ce in kin ce kuskure ne, magana ta mutu."

"Magana ta mutu, ni ma na mutu."

"Ba ki mutu ba. Aiki ne kawai."

"Aiki ne kawai?" in ji Muhsina. "Inna, ke kika sayar da tumakinki kika saya min allon zane. Ke kika tsaya gaban su Kawu kika ce sai na yi karatun ga. Ina aji, maza arba'in ni kaɗai mace, suna ce min birkila. Idona ya lalace a kan takarda. Na yi shekaru ina zana wa wani suna, ina jiran ranar da zan sa nawa. Yau da za a sa sunana karo na hwarko, a kan gawa za a sa shi, kuma da ƙarya."

"Na san duk wannan."

"To mi ya sa kike so in yi?"

Inna ta taso. Ta kama hannun daman Jabiru ta ɗaga shi sama, kamar yadda ake ɗaga hannun yaro a nuna wa mai magani.

"Don wanga. Ke suna za ki rasa. Shi hannu."

"Babu tabbas za a yanke. Malamai sun ce wanda anka ba amana hukuncinsa daban ne."

"Ke za ki ba ni tabbas ɗin? Ke ce alƙali? Maitama yana da mutane har Gusau. Mu wa muke da shi? Maganarsa da ta Jabiru, ta wa za a ɗauka?"



"Shina da mata, shina da ɗiya biyu," Inna ta ci gaba. "In anka mayar da shi mai dungu, wa zai ci da su? Wa zai auri ɗiyan ɓarawo?"

"Ni ma hannuna za a yanke, Inna. Jini ne kawai ba za ku gani ba."

Jabiru ya fashe da kuka, kukan babban mutum mai muni.

"Ki bari in je in hwaɗi gaskiya, Inna. In sun yanke su yanke."

"Rufe min baki." Ba ta ko waiwaye shi ba. Idonta na kan 'yarta. "Ban taɓa roƙonki komai ba tun da na haihe ki. Kin ce boko, na ce to. Kin ce gini, na ce to. Manema sunka zo kin kore su, na tare miki. Yau ni ke roƙo."

"In na ce kuskurena ne, Maitama zai ci gaba. Gobe a ba shi asibiti. Jibi a ba shi wata makarantar. Sauran benen can ma ban san abin da ke cikinsa ba, kuma 'yan mata za a zuba a ciki. In ya sauko a kansu, Inna, wa za ki ce ya yi?"

"Ɗiyan wasu ne. Allah shi tsare su. Ni nawa nike gani."

Maganar ta faɗo tsakar gidan ta zauna. Ita kanta Inna sai da ta kawar da kai bayan ta faɗe ta, amma ba ta janye ba.

Muhsina ta dubi matar da ta koya mata cewa ƙarya ko ta wasa ba a yi. Ta dubi yayan da ya riƙa goya ta zuwa makarantar allo. Ta nemi fushin da ta taho da shi daga Ƙaura ta rasa, sai wani ɗaci da ya cika mata baki.

"Ku ba ni zuwa gobe," ta ce. "In yi tunani."

"Babu tunani a ciki."

"Inna, ko wanda za a yanka ana barinsa ya sha ruwa."

Ta juya za ta shiga ɗaki.

Sai aka yi sallama a zaure.

Muryar namiji ce, ba ta unguwa ba. Aka sake yi, aka haɗa da buga ƙyauren da wani abu mai ƙarfi.

Jabiru ya miƙe zumbur. Inna ta tura shi da hannu ɗaya cikin ɗakin girki, ta ja tabarmar ƙofar ta rufe. Ta yafa mayafinta ta nufi zaure. Muhsina ta bi bayanta ba tare da ta san dalili ba.

Mutum biyu ne. Ɗan sanda riƙe da kulki, da wani mai farar riga da ya ce shi ma'aikacin kotu ne daga Shinkafi. A bayansu yaran unguwa da manya sun fara taruwa, maƙwabta mata suna leƙe ta kan katanga.

"Nan ne gidan marigayi Malam Sanda?"

"Nan ne," in ji Inna.

"Hajiya, ki yi haƙuri, aike ne. Kan maganar ginin da ya kashe mutum. Alƙali ya ce a zo da wanda abin ya shafa yau, kada ya kwana." Ya dubi babur ɗin da ke jingine, ya dubi cikin gidan ta saman kafaɗarta. "An ce cikin ɗiyan Malam Sanda akwai mai hannu a aikin. Wane ne?"

Muhsina ta buɗe baki. Ba ta san me za ta ce ba, ba ta gama yanke komai ba. A ranta tana cewa a ba ta numfashi ɗaya kawai.

Ta ji an damƙe wuyan hannunta.

Tafin Inna ne, da sauran garin dawa a jikinsa. Ta jawo ta gaba, ta tsayar da ita a bakin zaure, gaban ɗan sanda, gaban unguwa duka.

"Ga ta nan," in ji Inna Kubura. "Ita ta zana."